Bamar gida, ɗanyen ƙwai da mai juna biyu: ina haɗarin yake a farantin salak?

Tun da kayan kanti suka yi tashin gwauron zabi, mata da yawa sun daina sayen bama ta kwalba, sun koma haɗa tasu a gida. Bidiyon koyar da ita ya cika TikTok da Facebook: a fasa ƙwai ɗaya ko biyu a bilenda, a matsa lemon tsami, a barbaɗa gishiri da ɗan sukari, sai a riƙa tsiyaya mai a hankali har ta yi kauri ta yi fari tas. Ga arha ga daɗi, kuma uwargida ta san abin da ta zuba da hannunta. Abin da masu bidiyon ba su cika faɗa ba shi ne, tun daga fasawa har zuwa kan latas babu inda wuta ta taɓa ƙwan nan.

Mai juna biyu da ta tsaya ta bincika a intanet za ta gamu da amsoshi biyu masu karo da juna. Shafukan Ingila za su ce mata ba komai, ta sha ruwa-ruwan ƙwai in tana so. Shafukan Amurka kuma za su ce kada ta kusanci duk abin da aka yi da ɗanyen ƙwai sai in an riga an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinsa. Dukansu gaskiya suka faɗa, amma kowa a kan ƙwan ƙasarsa yake magana. Matar da ke sayen ƙwai a kiret wajen mai shago a Kano ko Maraɗi ba ta cikin lissafin ko ɗaya daga cikinsu.

Ƙwayar cutar da ake gudu a ƙwai ita ce Salmonela. Tana zaune a hanjin kaji da sauran dabbobi, sau da yawa ba tare da kazar ta nuna alamar ciwo ba. Ta hanya biyu take shiga ƙwai. Ta farko kowa zai iya hasashenta: kashin kaza ya ɓata ɓawo, lokacin fasawa ƙazantar ta gangara ciki, ko kuma ta ratsa ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawon. Ta biyu ce ta rikita masana a shekarun 1980. Akwai wani jinsin Salmonela da ke kama mahaifar kazar kanta, ya shiga cikin ƙwan tun kafin ɓawo ya rufe shi. Irin wannan ƙwai za a gan shi fes, babu tsaga, babu wari, gwaiduwarsa a tsaye, amma cutar na ciki. Wanki ba ya isa gare ta. Gwajin nan da ake yi na jefa ƙwai a ruwa a ga zai nutse ko zai taso, tsufan ƙwai kawai yake nunawa.

Yadda Ingila ta kai ga ba masu ciki izini labari ne mai tsawo. A watan Disambar 1988 ƙaramar ministar lafiya ta Birtaniya, Edwina Currie, ta faɗa a talabijin cewa galibin ƙwan da ake samarwa a ƙasar na ɗauke da Salmonela. Cinikin ƙwai ya faɗi da fiye da rabi, aka hallaka miliyoyin kaji, masu gidajen gona suka tayar da jijiyar wuya, ita kuma ta ajiye muƙaminta cikin makonni biyu. Ta zuzuta maganar, amma matsalar da ta nuna tana nan. A 1998 masu kiwon kaji suka fito da tsarin da ake buga wa kowane ƙwai jan tambarin zaki: dole a yi wa kajin allurar rigakafin Salmonela, a riƙa gwada gidajen gona, a rubuta kwanan wata a jikin ƙwan, a kuma iya bin sawunsa har zuwa gonar da ya fito. Sai da aka shafe kusan shekara 20 ana wannan, ana ganin masu kamuwa na raguwa, sannan a watan Oktoban 2017 hukumar kula da ingancin abinci ta ƙasar ta ce masu ciki da jarirai da tsofaffi za su iya cin ɗanye ko ruwa-ruwan ƙwai. Ko a nan da sharaɗi: sai ƙwan kaza mai tambarin. Ƙwan agwagwa da wanda ba shi da tambari ba sa ciki.

Amurka ba ta bi wannan hanya ba. A can ana wanke ƙwai a masana'anta, a ajiye shi a sanyi tun daga gona har kanti. Ƙiyasin da hukumominsu suka daɗe suna ambata shi ne ƙwai 1 cikin 20,000 ke ɗauke da cutar a cikinsa. Adadin ƙarami ne, amma a 2010 wasu gidajen gona biyu a jihar Iowa sun sa an janye ƙwai fiye da miliyan 500 daga kasuwa, bayan kusan mutum 2,000 sun kwanta. Shi ya sa har yau shawararsu ga mai ciki ba ta canza ba.

To mu fa? Ƙwan da muke saye ba shi da tambari, ba shi da kwanan wata. Akwai manyan gidajen gona masu kula da tsafta da rigakafi, akwai kuma waɗanda ɓeraye ke yawo cikin abincin kajinsu, kuma a kan kiret ɗaya ƙwansu ke haɗuwa. Daga gona zuwa dillali, daga dillali zuwa shago, ƙwan na iya yin kwanaki a wurin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Zafin nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Farin ƙwai na da sinadaran da ke hana ƙwayar cuta yaɗuwa, amma gwaiduwa abinci ce a wajenta. Wata siririyar fata ce ta raba su, kuma zafi da daɗewa suna sassauta ta. Da zarar cutar ta samu hanyar shiga gwaiduwa, 'yan ƙwayoyi kaɗan sai su zama miliyoyi. Ƙwan da da yana firji wataƙila ba zai yi wa kowa komai ba, a kan teburin mai shago yana iya zama abin da zai kwantar da gida guda.

Akwai maganganu da ake kwantar da hankali da su waɗanda ba su da tushe. Ana cewa ƙwan gida ya fi na gidan gona tsafta. Kazar gida tana kiwo a bola da bakin kwata, tana yin ƙwai a ƙasa kusa da kashinta, babu mai yi mata rigakafi. Daɗi wataƙila ya fi, tsafta kam babu hujja. Haka ƙwan zabi da ke cika kasuwa da damina. Ana kuma cewa lemon tsami yana "dafa" ƙwan. Tsami yana kashe Salmonela, gaskiya ne, amma sai ya kai wani ƙarfi, kuma sai ya samu lokaci mai tsawo yana aiki, wani lokaci kwanaki. Rabin lemon da aka matsa don ɗanɗano, aka zuba a kan salak bayan minti goma, bai yi wannan aikin ba. Wani abin mamaki ma, sanyin firji yana rage saurin wannan kisa da tsami ke yi, ko da yake yana hana cutar ƙaruwa.

Bama ta kwalba da salad kirim na kanti lissafinsu daban ne. Kamfanoni suna amfani da ƙwan da aka ɗumama shi zuwa zafin da ke kashe ƙwayoyin cuta ba tare da ya daskare ba, sannan su zuba binega gwargwadon da aka auna, yadda cuta ba za ta iya rayuwa a ciki ba. Mai ciki za ta iya cin su hankali kwance, in dai kwalbar a rufe take da hatiminta, tana da lambar NAFDAC, wa'adinta bai wuce ba. Bayan an buɗe sai firji, kuma cokali mai tsafta kaɗai zai shiga. Wadda ake ɗiba daga babban bokiti a ƙulla a leda a kasuwa ba ta cikin wannan magana, don babu wanda ya san asalinta.

Inda abin ke da wuyar ganewa shi ne gidajen abinci. Salak ɗin nan da ake kira Siza, wanda wani mai gidan abinci ɗan asalin Italiya, Caesar Cardini, ya fito da shi a garin Tijuana na Meziko a 1924, asalin miyarsa da ƙwai ake haɗa ta, ɗanye ko wanda aka ɗan tsoma a tafasasshen ruwa na minti ɗaya, tare da man zaitun, tafarnuwa, lemon tsami da cuku. Manyan otal-otal na Abuja da Legas da ke alfahari da cewa komai a kicin ɗinsu ake haɗa shi, su ne suka fi kusa da amfani da ɗanyen ƙwai. Ƙaramin gidan abinci da ke zuba ta kwalba, ta wannan fuskar, ya fi aminci. Masu shawarma kuma kashi biyu ne, wasu na saye wasu na haɗawa don rage kashe kuɗi. Tambaya ɗaya ta isa: "Wannan ta kwalba ce, ko a nan kuke haɗawa?" In ma'aikacin ya ce bari ya tambayo, ya dawo yana kame-kame, sai a ce a kawo salak ɗin babu miya. Mai haɗawa da yawa yana da wata matsala da uwargida ba ta da ita: yana fasa ƙwai 30 a roba ɗaya, in guda ɗaya ne mai cuta, duka robar ta ɗauka.

Ya kamata a faɗi girman haɗarin yadda yake, ba tare da tsoratarwa ba. Salmonelar ƙwai takan fara nuna kanta daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan an ci abincin: gudawa, murɗawar ciki, zazzaɓi, wani lokaci amai. Yawancin mutane sukan warke cikin kwana 4 zuwa 7 ko da ba magani. A galibin masu ciki ma a hanji take tsayawa, ba ta kai ga ɗan tayi. Amma ciki yana sassauta garkuwar jiki, kuma mai ciki ba ta da rarar ruwan jiki da za ta yi asara. Gudawa da amai na kwana uku ga matar da dama laulayi ya hana ta cin abinci, ko wadda jininta ya yi ƙasa, suna iya busar da ita har su tayar da naƙuda kafin lokaci. Zazzaɓi mai zafi shi ma ba alheri ba ne ga ɗan tayi. A wasu lokuta ƙalilan cutar kan shiga jini, ta isa mabiyiya, ta jawo ɓari ko ta kama jariri. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma cokali biyu na miya bai kai a yi cacar ba. (Wannan Salmonelar 'yar'uwar mai kawo taifod ce, amma ba ita ba ce. Ta taifod daga bayan gidan ɗan Adam take yaɗuwa, ba ta zama a jikin kaza.)

Wannan ya kawo mu ga wata al'ada da ta fi bamar gida yaɗuwa, wato fasa ɗanyen ƙwai a cikin lemon malta da madarar gwangwani a ba mai ciki ko mai jego "don ƙarin jini". Da kyakkyawar niyya ake yi, sau da yawa uwa ce ko uwar miji ke haɗawa da hannunta, shi ya sa ƙin sha ke da nauyi. Amma ƙwai ɗaya sinadarin ƙarfen da ke cikinsa kusan miligiram 1 ne kawai, kuma jiki ba ya tsotse shi da kyau, madara ma tana ƙara rage tsotsewar. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa miligiram 30 zuwa 60 take ba da shawarar mai ciki ta sha kullum, wato ƙwayar nan da ake bayarwa a wajen awo tare da folik asid. Ko furotin ɗin ma, bincike ya nuna jiki na amfana da kusan kashi 90 cikin 100 na dafaffen ƙwai, amma kusan rabi kawai na ɗanye. Ke nan an ɗauki haɗari, an kuma yi asarar rabin amfanin. Wadda ba ta son ɓata wa Hajiya rai tana iya cewa, "Mama, a wajen awo sun ce in riƙa dafa shi," ta ci dafaffen a gabanta ta kora da maltar.

Duk da haka, a ganina mayar da hankali kan ƙwai kaɗai yana sa a manta da abin da ya fi yawa a farantin, wato ganyen. A 1981 an samu ɓarkewar wata cuta a lardunan gabashin Kanada, musamman Nova Scotia. Mutum 41 suka kamu, 34 daga cikinsu masu ciki ne da jariransu. Da aka bi sawu, sai aka tarar daga haɗin kabeji da karas ne na kanti, irin wanda muke zubawa gefen soyayyar shinkafa. Ƙwai ba shi da laifi a ciki. An noma kabejin ne a gonar da aka zuba takin tumaki, wasu daga cikin tumakin sun mutu da cutar, sannan aka adana shi a ɗakin sanyi tsawon hunturu. Wannan ne ya tabbatar wa masana cewa ƙwayar da ta jawo cutar, wato Listeriya, ta abinci take yaɗuwa.

Listeriya ce ainihin abokiyar gabar mai ciki. Ba kamar Salmonela ba, tana ci gaba da hayayyafa a cikin firji. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce mai ciki ta fi sauran mutane saurin kamuwa da ita kusan sau 10. Uwar ba za ta ji komai ba sai ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, irin wanda a wajenmu nan take za a ce maleriya ce, alhali cutar ta ratsa mabiyiya. Alamun na iya ɗaukar makonni, har wata biyu, kafin su fito, lokacin an manta da abin da aka ci. A Afirka ta Kudu, tsakanin 2017 da 2018, ta kama mutum fiye da 1,000, ta kashe fiye da 200, kuma kaso mai yawa na waɗanda suka kamu jarirai ne sabbin haihuwa. A can daga sarrafaffen naman da ake yankawa a ci ba dafawa ta fito, irin wanda wasu ke yayyankawa cikin salak don ado.

Wanda ya san lambunan da ke bakin rafin Jakara a Kano, da makamantansu a gefen manyan garuruwanmu, ya san da wane irin ruwa ake ba latas da rani. Ga takin kaji da na dabbobi da ake zubawa bai gama ruɓewa ba, ga ruwan bokiti ɗaya da mai kayan miya ke yayyafawa tun safe don kada ganyen ya yi yaushi. Ƙasar da ke maƙale a jikin karas da latas tana iya ɗauke da ƙwayar cutar Tokzofilazma, wadda ke fitowa daga kashin kyanwa kuma tana iya taɓa ido da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Ruwan wankin kansa abin dubawa ne. Ciwon hanta nau'in E da gurɓataccen ruwa ke yaɗawa ya fi kowa tsananta a kan masu tsohon ciki, kamar yadda aka gani a yankin Diffa a 2017, inda yawancin waɗanda suka rasu masu juna biyu ne.

Sai kuma lokaci. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa 1. A auna wannan da salak ɗin biki ko suna: an yanka ganye tun hantsi, an zuba dafaffen ƙwai da wake na gwangwani da taliya, an cakuɗa da bama, an rufe a kula, ba a raba ba sai bayan la'asar. Tsamin da ke kare bama a cikin kwalba ya tsinke da ruwan kokwamba da tumatir, ba ya kare komai kuma. A yanayin da ya yi mata daɗi ƙwayar cuta na ninka kanta duk bayan minti 20, wato guda ɗaya ta zama fiye da 4,000 cikin awa 4. Firjin da wuta ke zuwa masa awa uku ta ɗauke awa goma shi ma bai kamata a dogara da shi ba. A wurin taro, mai ciki ta ci shinkafa da naman da ke tururi, ta bar wa wasu salak ɗin.

Ba ana nufin ta daina cin ƙwai ko ganye ba ne, don wannan ma asara ce. Dama akwai camfe-camfen da ke hana yara da masu ciki ƙwai a wasu gidaje, bai kamata a ƙara musu hujja ba. Ƙwai ɗaya na ba da furotin kusan giram 6, ga sinadarin kolin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke buƙata, kuma har yanzu ya fi nama sauƙin saye. A dafa shi kawai har fari da gwaiduwa su daskare. Wajen mai shayi a ce ya soya shi sosai, a kuma guji fasasshen ƙwan da ake karyarwa da arha. Ganye kuma a cire na waje a zubar, a wanke sauran ɗaya bayan ɗaya da ruwan da za a iya sha, a fere karas da kokwamba. Gishiri da binega suna rage ƙwayoyin cuta, ba sa gamawa da su, don haka kabejin da aka yi shakkar inda ya fito gara a watsa masa tafasasshen ruwa ko a ɗan sulala shi. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza kada su taɓa kayan salak.

Wadda ke son miya mai kauri tana da hanyoyi. Ana murƙushe gwaiduwar dafaffen ƙwai a buga ta da mai da lemon tsami. Ana buga madara da mai da ɗan binega a bilenda, ta yi kauri kamar bama babu ƙwai ko kaɗan. Yogot na kamfani da tafarnuwa da gishiri ma yana yi. Mai ma'aunin zafi a kicin tana iya ɗora gwaiduwa da ruwan lemon tsami a wuta kaɗan-kaɗan tana juyawa har su kai digiri 71, su huce, sannan ta zuba mai. Ga kuma namu na gado, kwaɗon latas da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, ko kwaɗon zogale da na rama, waɗanda ganyensu ma sai an dafa.

Wadda kuma ta riga ta ci, sai daga baya ta ji cewa da ɗanyen ƙwai aka haɗa, ba abin tashin hankali ba ne. Yawancin ƙwai lafiyarsu ƙalau, kuma babu maganin da ake sha don rigakafi bayan an ci. Ta sa ido na mako guda. In gudawa ta zo, ta fara da ruwan gishiri da sukari, kada ta aika kemis a haɗo mata magani, don wasu magungunan gudawa da ake sayarwa barkatai, irin su tetirasaikilin, ba su dace da ciki ba. Zazzaɓi, jini a bayan gida, aman da ya hana ruwa zama, ƙarancin fitsari, ciwon mara mai zuwa yana komawa, ko raguwar motsin ɗa, kowanne daga cikinsu na nufin asibiti a ranar. A can ta faɗa wa likita ko ungozoma abin da ta ci da ranar da ta ci shi, ko da ba a tambaye ta ba, musamman in gwajin maleriya ya nuna babu amma zazzaɓin bai sauka ba.